Rabon Asiya da Teku

Ku da kuka girma a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira kun ji labarin nan a bakuna da yawa, kowa da irin nasa ƙarin. A gidan biki an gaya muku Rakiya mai lalle ta sallama 'yarta ga masu yawon buɗe ido. A gidan makoki an gaya muku ni na kashe yayana da baƙin ciki. Ban taɓa tsayawa na amsa wa kowa ba, hannuna yana cikin lalle, amarya kuma ba ta jira. Yanzu da idona ya fara gajiya da zane, na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya faru, domin kai Sadiku da ke Ummi da 'ya'yanku, kada in mutu ku gaji labarina daga bakin waɗanda ba su kwana da shi ba. Yayarku Asiya ba ta bukatar a gaya mata, a gabanta aka yi komai. Kuma ku sani tun daga nan, ba afuwa na zo nema ba.

Kakanninmu daga ƙasar Haɗeja suka taso da ƙafa za su Makka, tafiya ta ƙare musu a Sudan kamar yadda ta ƙare wa mutane da yawa irinsu. A unguwar Hausawa ta Bur Sudan aka haife ni, amma ban tarar da ubana ba. Ina ciki ya shiga wani jirgin katako a Sawakin, zai tsallaka Jidda ya cika abin da iyayensa suka fito dominsa. An cusa mutane a jirgin nan fiye da ƙima. Bai yi nisa ba ya daki duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa ya kife, mutanen bakin gaɓa suna kallo. Cikin masu kallon akwai yayana Hamza, yaro ne bai ko balaga ba, yana riƙe da kwanon da ya kawo wa Baba guzuri a ciki. Waɗanda suka iya ruwa sun kai tudu. Baba mutumin gona ne, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, kuma ba a ga gawarsa ba. Ranar sunana Inna ta ɗauko ƙaramin finjalin da yake shan kofi da shi, ta jiƙa gishiri a ciki, ta tsoma yatsa ta ɗiga mini a harshe, ta ce:

"Wannan ne rabonki da bahar. Kin sha naki, ya ƙare."

Bahar take kiran teku, da Larabcin can. Daga ranar duk jaririn da aka haifa a zuriyarmu sai an yi masa haka ranar suna, kuma da ya fara wayo sai a gaya masa an yi, don ya san iyakarsa. Mun zauna a garin da kowa yake ci daga teku, mu kuwa mun juya masa baya. Kifin teku ba ya shiga tukunyarmu. Ranar da makaranta za ta kai yara bakin ruwa, 'yan gidanmu duka ciwon kai yake kama su tun da asuba. Da Allah ya nufi Inna da aikin hajji ta jirgin sama, abokan tafiyarta sun ce tun da aka hau kan ruwa ta rufe fuska da mayafi, ba ta buɗe ba sai da ta ji taya ta taɓa ƙasa. Yaya Hamza ya yi karatu, ya san abin nan ba ya cikin littafi ko ɗaya. Idan aka tambaye shi sai ya ce ba addini ba ne, amma maganar uwa ce. Da Inna ta tsufa ta miƙa masa finjalin, shi ya ɗiga muku ku ukun nan.

Dole in ba yayana haƙƙinsa kafin in ci gaba. Shi ya riga mu zuwa Alƙahira, ya buɗe shagon turaren wuta da humra a Hayyin Ashir. Da mahaifinku Bukari tela ya rasu, shi ya aiko aka taho da mu, shi ya nemo mana gidan nan, shi ya riƙe hannunku zuwa makaranta. Amaren farko da na yi wa lalle a garin nan daga shagonsa aka turo su, domin duk matar da ta sayi humra sai ya ce mata yana da ƙanwa mai lalle da dilka, hannunta ba ya rawa. Uban da ban gani ba, shi na gani. Duk wanda ya ce muku na manta da wannan, ƙarya yake yi.

Ruwa ya shigo gidanmu ta hanyar likita. Asiya tana tasowa bayanta ya fara karkata gefe guda, likitan ya ce maganinsa iyo. Na kai maganar wurin Yaya. Ya yi ta shafa gemu, daga baya ya yanke cewa tafkin da aka gina aka cika da ruwan famfo ba bahar ba ne, babu gishiri a ciki, Inna ba ta hana shi ba. Haka na riƙa ɗaukarta a ƙaramar motar haya zuwa wani wurin wasanni a unguwar Madinat Nasr da yake da lokacin mata. Yarinyar da idan baƙo ya shigo take ɓuya bayan labule, da ta shiga ruwa sai ta zama wata daban. Mai koyar da su wata 'yar Misra ce mai muryar maza, kowa Kabtin Suhair yake ce mata. Wata rana ta tsayar da ni a ƙofa ta ce yarinyata ta fi ƙarfin wannan baho, teku take bukata. Na yi dariya na ce a gidanmu ba a faɗin wannan kalma kafin a ci abinci.

Sai abin Yasir ya faru. Yasir ɗan Yaya ne na fari, yaro mai kunya, ya gama karatu ya rasa aikin yi, ya rasa takardar da za ta ba shi damar nema. Bai gaya wa kowa ba ya shiga jirgin masu tsallakawa Turai daga wajen Iskandariyya. Ba su yi nisa da gaɓa ba jirgin ya kife. Masunta sun zo, sun tsamo waɗanda suka iya riƙe kansu a saman ruwa na ɗan lokaci. Yasir bai iya ba. Ni na rungume uwarsa Hajja Batul a zaman makoki, ina jin mata suna cewa ai Inna ta san abin da ta gani, bahar ya sake cin na gidan nan. Ni kuwa tunanina ya bi wata hanya, har na ji tsoron kaina. Maza biyu na gidanmu, duka kusa da tudu, duka ba su iya ruwa ba. Na farko babu laifin kowa. Na biyun mu muka rene shi haka da hannunmu, muna ganin kare shi muke yi. Ban furta ba a lokacin, na haɗiye, amma abin bai bar raina ba.

Shi ya sa da Asiya ta same ni ina kwaɓa lalle, ta ce Kabtin za ta kai 'yan mata Gardaka, wani gari a bakin teku, su koyi nutso da silindar iska da ake goyawa a baya, ban ko ɗago kai ba na ce ta tafi. Ban ɓoye wa kowa ba, ban kuma yi shela ba. Yaya yana cikin baƙin cikinsa, bai tambaya ba. Ta je ta dawo, ta sake zuwa ta dawo, ta sami shaidar ƙwarewa, har ta fara raka baƙi ƙarƙashin ruwa a jiragen can. Duk dawowa fuskarta ta ƙara duhu, bayanta kuma ya miƙe sak.

Maganar tsibiri a ɗakin nan aka fara ta. Amarya idan an zana mata hannu da ƙafa ba ta iya motsi, bakinta kaɗai ke aiki, don haka babu sirrin da mai lalle ba ta ji. Wata amarya ce mai suna Zalhata, 'yar tsibiran Komoros, mijinta yana karatun addini a Madinat Nasr. Ta yi ta ba mu labarin tsibirinsu Ngazija da Larabcinta mai santsi: dutse mai aman wuta a tsakiya, bakin teku duk baƙin dutse, ruwa kuma garau. Ta ce gwaggonta tana da ƙaramin masauki a bakin ruwa, mata Musulmi suna zuwa daga ƙasashe suna son ganin abin da ke ƙasan teku, amma babu macen da za ta shiga da su, su kuma ba za su yarda namiji ya riƙe musu hannu ba. Asiya ta shigo da shayi ta tsaya da tire a hannu, ta manta ta ajiye. Kafin lallen amaryar nan ya gama gogewa daga farcenta, gwaggon ta aiko tana neman Asiya.

Wannan kam ba abin da za a yi ba a gaya wa babba ba ne. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka taru a gidan Yaya kamar kullum, aka kawo asida, tuwon Sudan, da miyar kuɓewa. Kai Sadiku kana wurin, ke Ummi kina kicin da 'yan'uwanki. Asiya ta durƙusa ta gaya wa kawunta komai, tun daga Gardaka har zuwa tsibirin. Bai dube ta ba ko sau ɗaya. Ni ya duba.

"Rakiya, da hannuna na ɗiga wa yarinyar nan gishiri. Rabonta ya ƙare tun tana cikin zanen goyo. Khalas, shi ke nan, kada in sake jin maganar."

Na yi masa magana da ladabi, Allah ne shaida. Na ce ta shiga tekun nan ba sau ɗaya ba, kuma ga ta zaune lafiya. Na ce garin Musulmi ne, gidan mace za ta zauna, rigar aikinta tana rufe ta daga wuya har idon sawu. Ya ce shi ba maganar sutura yake yi ba. Ya ce ni ban gani ba, shi ya gani, ya ga kawunan mutane suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya yana tsaye da kwano a hannu. Sannan ya tambaye ni ko sai bahar ya cika na uku sannan hankalina zai kwanta. A nan abin da na haɗiye tun makokin Yasir ya fito.

"Yaya, Yasir ma da hannunka ka ɗiga masa. Da ruwa ka kai shi ya koya maimakon finjali, da yau yana zaune a nan yana cin asida tare da mu."

Hajja Batul ta cusa mayafi a baki ta fita. Yaya ya jawo kwanon wanke hannu, ya wanke yatsunsa a hankali, ya goge, sannan ya dubi Sadiku ya ce masa ya kai uwarsa gida. Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na sha juya maganar nan a raina, ba sai wani ya tuna mini nauyinta ba. Uba ne da ya rasa ɗa, na taɓa masa wurin da bai warke ba, kuma na san zafinsa zan taɓa tun kafin in buɗe baki. Amma ku lura da abu guda. A cikin duk waɗanda suka yi ta cin namana a unguwar nan, babu wanda ya taɓa cewa ƙarya na faɗa. Cewa suke yi bai kamata a faɗa ba. To idan ba a faɗa ba fa? Finjalin ya ci gaba da zagayawa, ya zo kan 'ya'yanku, a rene su suna tsoron ruwa a duniyar da yaranmu suke shiga jirgi ko mun so ko ba mu so ba. Wani ne zai faɗa, kuma na duba gidan kaf ban ga wanda zai faɗa ba sai ni.

Na biya, ba kaɗan ba. Amaren da ke zuwa daga shagon Yaya suka ɗauke ƙafa. Matan da muka yi shekaru muna cin abinci kwano ɗaya suka koma gaishe ni da ka. Ban zauna ina jiran su huce ba, na ɗauki jakar lallena na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na tsallaka gari har Ard al-Liwa, na yi wa 'yan Iritiriya, na yi wa Misrawa, na koyi zanen da suke so. Wannan bai dame ni ba, aiki aiki ne. Abin da ya karya ni shi ne ranar Sallah, da na aika Ummi da kwanon abinci gidan Yaya aka dawo da shi a rufe yadda ya tafi. Na shiga kicin na yi kuka har hancina ya toshe, sannan na wanke fuska na raba abincin ga maƙwabta. Ina son yayana, ban daina ba ko rana ɗaya. A filin jirgi Asiya ta ga idona, ta riƙe jakarta, ta kira ni yadda ake kiran uwa a Sudan, ta ce:

"Yumma, in fasa?"

Na ce mata idan ta fasa, to na rasa yayana a banza ke nan. Na tura ta ciki da hannuna.

A can ta yi aure da Sa'id, mutumin da ke tuƙa kwalekwalen da suke fita da baƙi. Yaya ya ƙi tsayawa waliyyi, kai Sadiku ka tsaya, muryarka tana rawa kamar kai za a aurar. Bayan auren suka matsa sai na je na ga inda take zaune. Na ce a ba ni kujerar taga, na tuna Inna da mayafinta, na manna goshi da gilashi ina kallon ruwa har wuyana ya ƙage.

Tsibirin baƙi ne kamar gindin tukunya, sai kore da ya lulluɓe shi daga sama. Kan dutsen kullum yana cikin gajimare. Mutanen wurin sun ce idan ya farka toka takan sauka a kan rufin gidaje da cikin tankunan ruwa, su share su ci gaba da harkarsu, ba wanda ya haramta wa jikokinsa kallon dutse. Asiya ta zagaya da ni kamar wata babbar baƙuwa. Ta kai ni tsohon farin masallacin da ke bakin tashar jiragen ruwa, da lungunan da ke bayansa masu ƙofofin katako da aka sassaƙa, har na ji kamar Sawakin nake. Ta bi da ni ta filin baƙin dutse inda wuta ta taɓa malalowa har cikin teku ta daskare, ga ciyayi suna tsirowa daga tsagoginsa. Ta nuna mini wani tafki a cikin rami mai zurfi, ruwansa gishiri ne, launinsa yana sauyawa da rana, wai gari ne ya nutse a wurin don sun hana baƙo ruwan sha. Na ce wannan ƙarin magana ne irin na mutane, amma dai na ja baya daga bakin ramin. Matan garin suna shafa niƙaƙƙen icen sandal a fuska su fita kasuwa da shi, na tsayar da ɗaya na yi mata tambayoyi har ta gaji da ni. Ga itatuwan kuka manya-manya, ba wanda ya san ana miya da ganyensu. Na sa Sa'id ya hau ya tsinko, na shanya na daka, na yi wa surukai miyar kuka, suka ci don kunya. Inda zuciyata ta tsinke shi ne gonar wata rawayar fure da ake dafawa a tatsi man turare. Ƙamshin shagon Yaya ne sak. Na sayi kwalba guda ban san wa zan ba ba.

Sannan ta fita da ni a kwalekwale in ga aikinta. Tana da wuraren da ta sani kamar yadda na san lungunan Hayyin Ashir. Akwai wanda take kira Bango, inda baƙin dutsen ya miƙe tsaye ya yi ƙasa, akwai kogon da kunkurun ruwa suke hutawa, akwai mashigar da manyan kifayen nan da suka fi kwalekwale girma suke wucewa da 'ya'yansu idan lokacinsu ya zo. Na zauna ina kallon 'yata tana duba silindar kowa, tana ba da umarni da yatsa, matan da suka haife ta suna bin maganarta. Suka juya da baya suka faɗa ruwa, kumfa ta rufe su. Ba zan yi muku ƙarya ba, duk addu'ar da na sani sai da na karanta, wasu ma na maimaita. Da suka fito wata Balarabiya ta cire gilashin fuskarta tana kuka tana tasbihi.

Ni ta hana ni silinda saboda hawan jinina. Ta kai ni wani lungun ruwa marar zurfi tsakanin duwatsu, ta sa mini rigar da ke hana nutsewa a kan doguwar rigata, da gilashi, da bututun numfashi. Na shiga ina riƙe da hannunta kamar yadda ta riƙe nawa ranar farko a Madinat Nasr. Ruwa ya kai gwiwa, ya wuce inda Baba ya tsaya. Igiyar ruwa ta farko ta dake ni a fuska, ta cika mini baki da gishiri har maƙoshi. Na yi tari, na tofar, sai na ji dariya ta kama ni.

"Inna," na ce, "ashe da saura."

Da na kifa fuskata, abin da ya fara ba ni mamaki haske ne. Duk rayuwata a duhu nake ganin ƙasan teku, rami baƙi mai haɗiye mutane. Ashe rana tana shiga har ƙasa, tana wasa a kan yashi. Kifaye kala-kala kamar matan biki sun sha atamfa, suna wucewa ba su ko kula ni ba. Wani kunkuru yana ta tsinkar ciyawarsa a natse. Asiya ta sake ni ta nutsa ƙarƙashina, ta juyo ta ɗaga mini hannu. A nan, da bututu a baki, na yi wa Baba da Yasir addu'ar da ban taɓa iya yi musu a kan tudu ba tare da ƙirjina ya ƙulle ba.

Da cikinta ya tsufa ta dawo gida haihuwa da wankan jego. Ta haifi mace, aka ce za a sa mata Hauwa'u, sunan Inna, muna kiranta Walida. Da safiyar suna gidan nan ya cika, ina rarraba shayi sai na ji hayaniya ta mutu daga bakin ƙofa. Yaya ne tsaye, ya rame, yana dogara sanda, Hajja Batul a bayansa. Shekaru ban ga fuskarsa kusa haka ba. Sai na ga abin da ke hannunsa a naɗe cikin hankici, na gane shi tun kafin ya buɗe. Batul ta ja ni gefe ta ce ya ce a bar shi ya yi wa takwarar Inna, duk abin da ya wuce ya wuce.

"Ɗigo ɗaya ne, Rakiya. Ma'alish, ki yi haƙuri, ki bari."

Na san gishiri ne kawai, ba zai yi wa jaririya komai ba. Asiya ta dube ni, daga baya ta gaya mini cewa da ita aka tambaya, da ta yarda saboda ni. Kuma ina son yayana ya shigo ya zauna, ina so har cikin ƙashina. Amma ɗigon ba ya zuwa shi kaɗai, da maganarsa yake zuwa. Za a gaya wa yarinyar idan ta yi wayo kamar yadda aka gaya mana, unguwa ta ce Rakiya ta dawo hanya, sannan a jira haihuwar Ummi. Na karɓi Walida daga hannun uwarta, na je gabansa na durƙusa.

"Yaya, ga takwarar Inna. Ka tauna mata dabino, ka sa mata albarka, ka zauna ka ci abinci a gidan ƙanwarka. Amma finjalin nan ba zai taɓa bakinta ba."

Ya daɗe yana kallon jaririyar. Ya ɗora hannu a kanta ya yi mata addu'a, wannan kam ya yi, ku shaida masa. Sannan ya ajiye finjalin a kan keken ɗinkin mahaifinku, ya juya ya fita. Ina jin ƙarar sandarsa a kan matakala har ta ɓace. Ƙafafuna suna so su bi shi, na hana su.

Bai kai azumin gaba ba. Bai aiko a kira ni ba, kada wani ya gyara muku wannan don ya yi daɗin ji. Na je makoki na zauna cikin mata, wasu suka matsa, na ƙara baje zanena. Bayan Batul ta fita takaba ta zo gidan nan da ƙafarta, muka zauna kamar da. Ita ta gaya mini cewa a makonninsa na ƙarshe ya sa ta nemo masa a waya hoton nan mai motsi na Asiya a ƙarƙashin ruwa, wanda ya zagaya unguwa ana zagina da shi. Ya sa tabarau ya kalla, ya ce ta sake sawa, ya sake kalla. Tambaya ɗaya ya yi mata.

"Batul, haka wurin yake da haske?"

Ta ce masa haka dai ake gani. Ya yi hamdala ya juya fuskarsa bango. Ba zan ce muku ya yafe mini ba, domin bai faɗa ba, kuma ba na sa wa mamaci magana a baki. Abin da na sani shi ne tun yana yaro da kwano a hannu yake ganin ubansa a cikin duhu, daga baya ya ƙara da ɗansa, kuma yarinyar da ya hana shiga teku ce ta nuna masa ba haka wurin yake ba.

Finjalin yana nan. Kowace safiya ina shan kofi da citta a cikinsa, dama don haka aka yi shi. Wanda ya gaje shi a cikinku ya ci gaba da shan kofi. Walida yanzu tana faɗawa ruwa daga kan kwalekwalen ubanta ba tare da an riƙe ta ba. Kai kuma Sadiku, na ji matarka tana cewa yaranku sun yi ƙanƙanta da koyon iyo, a bari sai sun ƙara girma. Ba su yi ƙanƙanta ba. Ku shirya su ranar Asabar da safe, ni zan zo in ɗauke su, ban manta motar da ke zuwa Madinat Nasr ba.